Hutun Bazara a Kan Dutse: Yadda Za Ki Kai Yara Ki Dawo da Su Lafiya

Ƙanwata, kira yaronki ɗan shekara biyar ki ce ya nuna miki dutse. In a Ɗanzomo aka haife shi, ko Gumel, ko Maigatari, dutsen niƙa zai nuna miki, ko na guga. Ba laifinsa ba ne. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi shimfiɗe iyakar ganin ido, tun daga Gagarawa har bakin iyakar Nijar. Abin da ya fi komai tsayi a idonsa bai wuce kuka ba, ko hasumiyar masallaci, ko ƙarfen sabis.

Shi ya sa nake so bana, in makarantu suka ba da hutun ƙarshen zango na biyu, ku ɗauki yaran nan ku kai su inda ƙasa ta miƙe tsaye. Gani ya kori ji. Yaron da ya hau dutse ya hango gari a ƙarƙashin ƙafarsa, mutane kamar tururuwa, motoci kamar gwangwanin madara, ba zai manta da wannan safiyar ba har ya tsufa.

Sai dai hutun nan yakan faɗo ne tsakanin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi a yankinmu ke haura digiri 40. Don haka ga doka ɗaya da za ki riƙe, sauran duk rassanta ne: auta ne shugaban tafiya. Da ƙafarsa za a auna dutsen, da barcinsa za a auna hanya, da ƙishinsa za a auna ruwa. In auta ya ji daɗi, kowa ya ji daɗi.

1. Zaɓi dutse daidai ƙafar auta

Kada ki fara da nesa. Wurare uku suna kusa da mu, kowanne tafiyar safiya ɗaya ce ko ɗan abin da ya ɗara haka.

Dutse, babban birnin jiharmu. Sunan garin ma ya gaya miki abin da za ki tarar. Manyan duwatsu ne jibge kan juna, wasu kamar an ɗora su da hannu, kuma tsohuwar unguwar Garu, inda fadar sarki take, a cikinsu take zaune. Daga Gumel ana bi ta Gujungu, Jahun da Kiyawa. Ga mai yara 'yan ƙasa da shekara biyar, nan ne zaɓin farko: akwai duwatsu marasa tsayi, akwai masauki, akwai asibiti kusa.

Birnin Kudu, gaba kaɗan da Dutse. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, wanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Akwai kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an ƙwanƙwasa su. Yaro ɗan shekara shida zuwa goma, wannan wurin nasa ne.

Dutsen Dala a Kano. Yana da matakala ta siminti, saboda haka hawansa ya fi sauƙin lissafi. Daga samansa ana ganin tsohon birni gaba ɗaya, ga Goron Dutse can yana kallonsa. In kina da dangi a Kano, kin samu tafiya mafi araha.

Jos da Mambila fa? Jos na nan tafe a ƙasa, da sharuɗɗanta. Mambila kuwa, ta jihar Taraba, ki ajiye ta sai yara sun yi ƙwari. Wuri ne mai sanyi da gonakin shayi, amma daga nan tafiyar kwana biyu ce, ga hawa mai lanƙwasa. Ba ta mai goyo ba ce.

2. Sa rana, ki taƙaita kwanaki

Kwana uku sun isa: ranar zuwa, ranar dutse, ranar dawowa. Ƙaramin yaro daga kwana na huɗu yake fara neman shimfiɗarsa.

Ki tambayi makaranta ranar rufewa da ranar komawa tun yanzu. Ki tsara yadda za ku dawo gida aƙalla kwana uku kafin a koma aji, don yara su huta.

In hutun ya haɗu da azumi, a bari sai bayan Sallah. Babba mai azumi da yaro a kafaɗa a kan dutse, wahala ce da ba ta da dalili.

Ki kuma kauce wa ranakun manyan kasuwannin da ke kan hanyarku. Kin san yadda titi yake cika da manyan motocin dabbobi ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. Ki tambayi direba wace rana ce hanya ta fi sarari.

3. Ki zauna da maigida, ku yi lissafi a takarda

Daidai ruwa, daidai tsaki. Ku rubuta gida biyar: kuɗin mota ko mai, masauki, abinci da ruwa, kuɗin shiga wurare da na goron ɗan jagora, sai tsaraba.

In kun haɗa jimla, ku ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Wannan kuɗin ko-ta-kwana ne: faci, magani, ƙarin kwana. Ki sa shi a wata jaka daban, kada ki taɓa shi don kilishi.

Ki riƙe tsabar kuɗi, har da canji ƙanana. A gindin dutse ba lallai ki samu mai POS ba, tiransifa kuma sai sabis ya yarda.

In aljihu bai kai ba, ki haɗa kai da wata 'yar'uwa mai yara. Gida biyu, mota ɗaya, kuɗi rabi, idanu ninki biyu.

4. Tabbatar da masauki kafin ki ɗaure jaka

Zumunci a ƙafa yake, amma a kira kafin a taka. In gidan dangi za ku sauka, ki sanar da su da mako guda, ki faɗi adadinku da kwanakin da za ku yi. Ki tafi musu da abin hannu: ɗan gero, riɗi, ko man gyaɗa.

In otal ne, ki yi tambaya huɗu ta waya. Akwai ruwa a banɗaki? Ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa? Taga na da raga? Akwai ɗaki a ƙasa? Mai ƙananan yara ba ta son bene.

Ko ina za ku kwana, ki tafi da gidan sauronki da igiyarsa. Ba ya cin wuri a jaka.

5. Mota: a duba ta tun ana jibi, ba ranar tafiya ba

In motar gida ce, a kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto da tayoyi huɗu. A tabbatar safaya na da iska, jak da abin kwance taya suna but. Kwalta a bazara tana cin tsohuwar taya.

In motar haya ce, shata ta fi muku. Kuɗinta ya fi, amma ke za ki ce a tsaya in yaro ya matsu. Ki je tasha da kanki ko ki tura maigida, a nemi direban da aka sani, a yi ciniki har da tsaye-tsayen hanya, a kuma faɗa masa tun farko: ba gudu, ba tafiyar dare.

Yara a kujerar baya, koyaushe. Ba a ɗora yaro a cinya a gaba. Wanda ya isa ɗaura bel a ɗaura masa, a kulle ƙofofin baya.

Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar, ko da barci yake yi. Mota a rana tanda ce.

6. Leƙa asibiti da katin rigakafi

Rani lokacin sanƙarau ne, mu kuma mun san shi. A ranin 2023 cutar ta fi tsanani a Jigawa, kuma garuruwanmu na kan iyaka suna cikin inda ta taɓa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, Jigawa kuma tana cikin jihohin farko da aka yi ta.

Saboda haka ki ɗauki katin kowane yaro ki je asibitin da ke kusa da ke. Ki ce a duba miki ko akwai allurar da aka tsallake, har da ta ƙyanda.

Ki haddace alamun nan: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. Kin ga haka, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Yaron da ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ba ya tafiya washegari. A ɗaga. Dutse ba ya gudu.

7. Jaka uku, ba ƙari

Jaka ta farko, tufafi. Kowane yaro kala uku na auduga, masu haske, marasa matsewa, da hula mai baki ko malafa. Ki saka musu anko ranar hawa, launi mai ɗaukar ido. A cikin jama'a kallo ɗaya za ki yi ki ƙirga su.

Takalmi shi ne babba. Kambas ko sandal mai maɗauri a dunduniya. Silifas santsi yake yi a kan dutse, kuma yana tsinkewa. Sabon takalmi ma kada a fara shi ranar. A sa shi a gida kwana uku ya saba da ƙafa.

Jaka ta biyu, magani da tsafta: farasitamol na yara, fakitin ORS, zinc, filasta, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, sabulu, basilin, famfas, ledoji, da fo na auta. In akwai mai asma ko sikila, maganinsa yana jikinki, ba a but ba. Mai sikila kuma a ji shawarar likitansa kafin a sa rana.

Jaka ta uku, ƙarama ce ta goyawa a baya, wadda za ta hau dutsen: ruwa, abin taɓawa, ORS, tocila, waya cike da caji, da zani guda. Zanin nan shi ne inuwa, shi ne tabarma, shi ne majanyi.

8. Ruwa: ki ɗauki fiye da yadda kike zato

Ki sa ruwan leda ko gorori a firiza tun dare su zama ƙanƙara, ki jera su a kula. Za su riƙe sanyi har azahar, su kuma kare abinci.

Kada ki jira yaro ya ce ƙishi. Wasa yana mantar da shi. Duk minti ashirin a kan dutse, kowa ya kurɓa, har manya.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kawai, amma a yawaita. Ke mai shayarwa ce za ki sha ruwan a madadinsa.

Ki lura da fitsari. In ya yi kaɗan, ya yi duhu, leɓe ya bushe, yaro na kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. A koma inuwa, a haɗa ORS. In fakitin ya ƙare, ga na gida: lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi kaɗan-kaɗan.

In kuwa jiki ya yi zafi rau, yaro ya ruɗe ko ya suma, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa, a yi ta fifita, a nufi asibiti a haka. A Dutse akwai asibitin Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ki sa lambobin nan a waya: 112 ta agajin gaggawa, 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

9. Guzurin da ba ya tsoron rana

Busasshe ne abokin bazara: cincin, dabino, dambun nama, ƙuli-ƙuli, biskit, burodi, dakuwa. Dafaffen ƙwai da lemon zaƙi a cinye su da safe.

Fura da nono, shinkafa da miya, alale, duk suna juyawa kafin azahar in ba a kula suke ba. In kin yi shakka, ki zubar. Asarar kwano ɗaya ta fi kwana a gadon asibiti sauƙi.

Aya da gyaɗa ba na 'yan ƙasa da shekara huɗu ba ne, balle a mota mai tsalle. Suna sarƙe yaro. Dabino ma a cire ƙwallon kafin a miƙa.

Lokacin mangwaro ne da kankana. Ki sayi guda, ki wanke, ki yanka da wuƙarki. Wanda aka yanka aka shanya a faranti, ki wuce shi.

In za ku ci a hanya, ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku. Kowa ya wanke hannu da sabulu tukuna.

10. A hanya: sammako, da tsayawa a kan kari

Da sanyin safiya ake kama fara. A loda kaya tun dare. Ana idar da Asuba a ɗauki yara da barcinsu a sa a mota. Awa biyun farko kyauta ce gare ki.

Bayan nan, a tsaya duk awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowa ya sauka, ya yi fitsari, ya miƙe ƙafa. A tsaya cikin gari, nesa da bakin kwalta, yara su fita ta ƙofar da ba ta kallon titi.

Mai amai a mota, a ba shi abinci kaɗan kafin tashi, a zaunar da shi inda yake ganin gaba, a buɗe masa gilashi kaɗan. Waya a hannunsa ƙara masa jiri take yi. Leda da tsumma su zauna kusa da ke.

Ki ba su aikin ido. Wa zai fara ganin raƙumi? Kuka nawa muka wuce? Babbar gasa kuwa: wa zai fara hango dutse? Da kun doshi Dutse za ki ji motar ta kaure da ihu.

Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunan mahaifinsa, garinsu da lambar waya biyu. Wanda ya iya magana a koya masa su da baki tun a gida.

11. Agogon dutse

Ki riƙe wannan da kyau: duwatsunmu na kusa ba su da sanyi. Dala da na Dutse ba su kai tsayin da iska za ta sauya ba. Dutse yana shan rana ne ya riƙe, kafin azahar ya zama kasko. Tafin hannun yaro yana iya ƙonewa a kansa.

Don haka ku kasance a gindinsa da ƙarfe 6:30 na safe, ku sauko kafin 9:30. In safiya ta kuɓuce, ku jira sai 5:00 na yamma, ki taɓa dutsen da hannunki tukuna, ku kuma sauko kafin magariba.

Daga hantsi zuwa la'asar lokacin inuwa ne: wanka, abinci, barci. In a Kano kuke, gidan tarihi na Gidan Makama yana da rufi da abin kallo. Gidan zu na Audu Bako kuma a bar shi sai yamma.

Abu ɗaya babba a rana ya isa. Dutse da safe, hutu da rana, ɗan zagaye da yamma. Kada ki cusa wuri biyar a wuni ɗaya don a ce an je.

12. Hawa da sauka

Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, babba guda nasa. A raba tun a ƙasa: wane naki ne, wance ta Baba ce. “Ai na zata tana wurinka” ita ce maganar da ba ma so a yi a kan dutse.

Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Ba mai wuce na gaba. A riƙe yaro a wuyan hannu, ba a yatsu ba, kuma babba ne yake bin gefen da ke da gangare.

Mai goyo ta tsaya inda hanya take da faɗi. Goyo yana sauya ma'aunin jiki, ga zafin baya. In ana so jariri ya kai sama, matakala kawai, a hankali, a rufe masa kai da mayafi mara nauyi.

Ki ɗaure zani ko doguwar riga yadda ba za ki taka ba. Wando a ciki ya fi. Hannuwanki biyu su zama a sake.

Auta ya ce ya gaji? Nan ne ƙololuwarku ta yau. Ku shimfiɗa zani, ku sha ruwa, ku kalli gari daga nan. Sannu ba ta hana zuwa. Yaron da aka ja da kuka har sama, dutse zai tsana.

Sauka ta fi hawa haɗari, don ƙafa ta gaji, yara kuma suna son gudu. Inda ya yi santsi, a zauna a sauko da mazaunai. Wando ya yage, ɗinki ne kawai.

Hoto sai an zauna, nesa da baki. Hannun da ke riƙe da waya ba ya riƙe yaro.

13. Ramuka, tsaguna da kududdufai

Kafin a fara hawa, ki tara su ki faɗa sau ɗaya da babbar murya: ba a sa hannu a rami, ba a ɗaga dutse, ba a cire takalmi. Kunama da maciji inuwar tsaguna suke nema a bazara.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma na asibiti ne, ko da ya daina kuka.

Ruwan da ya kwanta a gindin dutse ko a ramin da aka fasa dutse, kallo kawai. Ba a san zurfinsa ba, kuma a irinsa ake ɗaukar tsargiya.

Kin ga hadari ya haɗo, ko kin ji tsawa daga nesa? A sauko. Saman dutse ba wurin jiran ruwa ba ne.

14. Ki shiga da sallama, ki ba yara labari

Kowane dutse yana da mutanensa. Ki gaishe da dattawan da ke zaune a gindinsa, ki tambayi hanyar da ta fi sauƙi ga yara. Matambayi ba ya ɓata. In aka haɗa ku da ɗan jagora, ku daidaita na goronsa kafin a fara.

A Birnin Kudu ki nemi masu kula da wurin su buɗe muku su kuma yi bayani. Ki gargaɗi yara: ba taɓa zane, ba zuba masa ruwa, ba rubuta suna da gawayi. Abin da ya jira mu ɗaruruwan shekaru, mu bar wa jikokinmu.

Ki yi musu tambaya maimakon lacca. Shanun nan sun yi kama da na kasuwar Maigatari? Ina ƙahoninsu suka nufa? Da me kuke jin an zana su?

A Dala, ki gaya musu cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a nan, kuma daga gindin wannan dutsen Kano ta faro. Ki ba su labarin Barbushe, mutumin wannan dutse, kamar yadda kike ba su tatsuniya. Sannan ki ce kowa ya nemo hasumiyar masallaci mafi nisa da idonsa zai iya kaiwa.

Duk ledar da kuka hau da ita, ku sauko da ita. Ki naɗa babban yaro sarkin shara, zai yi aikin da alfahari.

15. In Jos kuka nufa

Nan ne za ku samu sanyin gaske. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da ke gefenta kuma sun haura mita 1,800. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Shi ya sa dare a can yake neman bargo alhali a Gumel ana kwana a tsakar gida.

Sharaɗi na farko: auta ya kai shekara huɗu ko biyar. Hanyar doguwa ce, gara a raba ta biyu, a kwana a Kano ko a Bauchi.

Na biyu: ki kira wanda yake zaune a Jos, mako guda kafin tafiya, ki sake kira ana gobe. Ki tambayi lafiyar hanya da ta unguwar da za ku sauka. In ya ce a dakata, a dakata. Ku shiga gari da rana, ku zauna cikin gari, kada ku kutsa ƙauyukan da ba ku sani ba.

Na uku: rigar sanyi da safa ga kowa, da lema. Ruwa yana riga namu sauka a can, a Afrilu ma ana iya yin sa.

Ga yara, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ya isa wuni guda. Akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok, ga gidan zu kusa da shi, ga kuma filin da aka gina kwaikwayon tsofaffin gine-gine, har da ganuwar Kano. Duwatsun Shere a kalle su daga ƙasa, ko a taka gindinsu tare da ɗan gari. Tafkunan da haƙar kuza ta bari kuwa suna da kyau a ido, suna da zurfi. Hannun yaro a naki.

16. Dawowa ma tafiya ce

Ku taso da sassafe kamar yadda kuka zo. Kada a ce bari a ƙara zagaye ɗaya, dare ya same ku a hanya.

Tsaraba kaɗan, mai ma'ana. Daga Dutse, dabino, don garin an san shi da shi. Daga Kano, gurasa ko alewa. Ki ba kowane yaro ɗan kuɗi ya zaɓa wa kakarsa abu da kansa.

Kun isa gida, ki sa ido kwana bakwai zuwa sati biyu. Zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani.

Sannan ki ba su takarda da fensir su zana abin da suka gani. Ki bar su su ba Kaka labari da bakinsu, kada ki gyara musu. A bakinsu dutsen zai ninka tsayi, haka ake so.

Gobe da safe

Abu biyar, kafin rana ta take:

Ɗaya, ki tambayi makaranta ranar hutu da ranar komawa.

Biyu, ki dubi auta, ki zaɓi dutse ɗaya: Dutse, Birnin Kudu ko Dala.

Uku, ki kira wanda za ku sauka wurinsa.

Huɗu, ki fito da katunan rigakafi ki ajiye su a jakar fita.

Biyar, ki gwada wa kowane yaro takalminsa. Wanda ya matse, kin san abin da za ki saya ranar kasuwa.

Da yamma kuma, in rana ta yi sanyi, ki fita da su ku taka zuwa bayan gari ku dawo. Ki lura inda auta ya tsaya ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Wannan tazarar ita ce ma'auninki. Ku riƙa yi kullum har ranar tafiya, za ki ga tana ƙaruwa taku-taku, kuma ranar da ya tsaya a kan dutse da ƙafarsa ya nuna miki gari da yatsa, za ki san daga rairayin bayan gidanku aka fara hawan.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.